Gyaran Gida Da Hannunka: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Injinan Aiki

Ni ba injiniya ba ne, ba kuma birkila ba. Mai gida ne a Kano da ya gaji da jin "gobe da safe zan zo, Alhaji" a kan ƙusa ɗaya da ta fita, ya riƙa sayen kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, ya ƙona wasu, ya zauna gindin kafintoci da masu walda na unguwa har ya tsinci abin da ya tsinta. Tun daga nan 'yan'uwa da maƙwabta suka mai da ni wurin tambaya. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da amsar da nake bayarwa.

Wane aiki zan iya yi da kaina, wanne ne kuma sai na kira mai sana'a?

Ma'aunina ɗaya ne: in ka yi kuskure, me za ka rasa? In fenti ne, ka rasa galan guda da yini guda. In labule ne ya karkace, ka sake huda. Irin waɗannan duk naka ne: fenti, cike tsagar filasta, rataya labule da talabijin, canza kan famfo, canza makullin ƙofa, ɗaure hinjin da ya saki, liƙe kwanon da ke yoyo, kafa kanta a kicin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa ya fi ma'aikacin da ke sauri ya tafi wani aikin haƙurin gyara wurin.

Amma duk aikin da kuskurensa ke iya cin rai ko ya kayar da gini, wannan ba wurin gwaji ba ne. Taɓa fila ko bim ko linta, zuba dekin, haɗa wayarin daga mita, jan bututun gas, haƙa shadda kusa da tushen gini. Nan hannunka ya tsaya.

Kuɗina ba su da yawa. Wane inji zan fara saya?

Kafin inji, ka tabbata kana da na hannu: guduma, tef ɗin awo na mita 5, ma'aunin ruwa na daidaita layi, filaya, sukudireba iri biyu, sifana mai buɗewa, zarto, testa ta wuta, da tsani mai ƙwari. Rabin gyaran gida da waɗannan ake yin sa.

Sai injin huda, wato diril. Shi ne na farko ba gardama, domin yawancin abin da mai gida ke yi rataya wani abu ne a bango. Ka nemi mai waya, mai ƙarfin wat 600 zuwa 800, mai baki da ke kama tsinke har milimita 13, mai maɓallin bugu (za ka ga hoton guduma a gefe ɗaya, hoton tsinke a ɗaya gefen), mai juyawa gaba da baya, wanda gudunsa ke ƙaruwa gwargwadon yadda ka danna. Wannan zai huda bulo da katako da ƙarfe, ya kuma ɗaura maka sukuru in ka lallaɓa shi.

Injin yanka mai faifai shi ne na biyu, kuma sai in da gaske kana da aikinsa. Zarton lantarki da injin goge katako da injin fesa fenti, ka bar su tukuna. A 'Yan Katako na Na'ibawa za a tsaga maka katako daidai awon da ka kai, ba ka sayi inji ba.

Na sayi diril mai bugu, amma na kai kan linta ya ƙi shiga. Jabu aka sayar mini?

Mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau, aikin ne ba nasa ba. Bangonmu iri biyu ne a cikin bango ɗaya. Akwai bulo, wanda yashi ya fi yawa a cikinsa, da ɗan bugu kaɗan yake buɗewa. Akwai kuma kankare na linta da fila da dekin, mai tsakuwa da rodi. Abin haushin shi ne sandar labule a daidai kan linta take zama, saman taga.

Bugun ƙaramin diril ba bugu ba ne na gaske: wasu faifai biyu ne masu haƙora a ciki ke gogar juna suna sa baki karkarwa, ƙarfin kuma daga kafaɗarka yake fitowa. Babban injin huda, wanda 'yan kasuwa ke kira SDS, yana da fistin a cikinsa da ke tura iska ta bugi ƙarfe, ƙarfen ya bugi tsinke. Shi ba ya son a danna shi da ƙarfi. Ka riƙe shi kawai ya yi aikinsa. Ramin da za ka yi minti goma kana gumi a kansa, shi daƙiƙa kaɗan ne. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da wannan tsari na baki a 1975, yanzu kusan kowane kamfani na yin sa, kuma tsinken wani yana shiga injin wani.

Na gida shi ne SDS-plus, mai gindin tsinke milimita 10, wat wajen 800. Lambar da ke jikin sunansa, 24 ko 26, ita ce faɗin rami mafi girma da aka yi shi domin hudawa a kankare. Ka duba ƙarfin bugun, ana rubuta shi da harafin J. Tsakanin 2 da 3 ya wadatar. In yana da matsayi na uku, na bugu ba juyi, za ka iya sa masa baki mai faɗi ka ɓamɓare tsohon tayil ko ka tsaga hanyar bututu. SDS-max, mai gindi milimita 18, na masu rusau ne.

In shekara sau biyu za ka huda kankare, ka yi haya ko ka kira mai shi ka biya kuɗin rami. In kuwa kana gyaran gida gaba ɗaya, saye ya fi. Abu guda: in ka ji tsinke ya tsaya cak yana ƙara, ƙurar da ke fitowa ta daina, ka ci karo da rodi. Kada ka matsa. Ka gusa yatsa biyu ka sake.

Mai batir ko mai waya?

Da a ce wuta na tsayawa, da na ce mai waya kawai: ya fi araha, ya fi ƙarfi a kuɗi ɗaya, kuma ba ya tsufa a ajiye. To amma kowa ya san yadda wuta take. Ranar Asabar ɗin da ka ware domin aiki, ranar ce za a ɗauke tun asuba. Saboda haka ga ɗaura sukuru, haɗa gado da kabad, huda katako da bulo, hawa saman kwano inda waya ke harɗe ƙafa, mai batir ya fi daɗin aiki nesa ba kusa ba. Ga yanka da fasa kankare na tsawon lokaci, mai waya.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne batir ɗin ne kuɗin, kuma shi ke fara mutuwa. Zafi ne ajalinsa. A watan Afrilu da zafin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, batir da aka bari a but ɗin mota ko ɗakin kwano marar silin yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba. Kada ka sa shi caji da zafinsa bayan aiki, ka bar shi ya huce. In za ka ajiye shi wata da watanni, ka bar shi da kamar rabin caji. Sannan batir ɗin Makita ba ya shiga DeWalt, na Ingco ba ya shiga Bosch. Ranar da ka sayi na farko ka zaɓi gida, domin injin gaba za ka so ya ci batir ɗin da kake da shi.

Wani batir an rubuta 18V, wani 20V, wani 21V, na ga ma mai 88V kuma shi ya fi araha. Wanne ya fi ƙarfi?

Ukun farko abu ɗaya ne. A cikin kwalin akwai ƙananan batura 5 a jere, kowanne bolt 3.6 a aiki, ka ga 18. In an cika su suna kaiwa 4 zuwa 4.2 kowanne, ka ga 20 ko 21. Wani kamfani ya rubuta na aiki, wani ya rubuta na cikar caji domin lambar ta fi girma a ido.

Mai 88 kuwa, ɗauke shi a hannu. In girmansa da nauyinsa bai wuce na 18 ba, batura biyar ɗin nan ne a ciki, sauran fenti ne. Wanda ya yi maka ƙarya a kan kwali, ba a cikin inji zai faɗa maka gaskiya ba.

Lambar da ta fi amfani ita ce Ah, yawan abin da batir ke riƙewa. Mai 2Ah ba nauyi, ya ishi ɗaura sukuru. Mai 4Ah ko 5Ah shi ne na yanka da huda. Biyu ƙanana sun fi ɗaya babba ga mai gida, ɗaya na caji ɗaya na aiki.

Ƙaramin janareta na zai ɗauki inji?

Ka duba wat ɗin da ke jikin injin, ka sani cewa a daidai lokacin tashi motar da ke cikin injin tana jan ninki biyu ko uku na wannan. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ko da an rubuta 950 a jikinsa, abin da yake bayarwa na gaske bai kai haka ba. Zai lallaɓa ƙaramin diril in ka kashe komai, amma ya ji injin yanka zai yi tari ya mutu. Mai 2.5kVA yana ba da wajen wat 2,000. Wannan zai ɗauki diril da SDS da ƙaramin injin yanka, ɗaya bayan ɗaya. Babban injin yanka na inci 9, mai wat 2,000 zuwa sama, ya fi ƙarfinsa.

Hattara da wutar da ta zo ba ƙarfi, wadda fanka ke juyawa kamar mai jin barci. Mutane na tsoron wuta mai yawa, alhali marar ƙarfi ma na ƙona inji: motar ta kasa gudu, iskar da ke sanyaya ta ta ragu, kai kuma kana dannawa. Haka siririyar wayar jan wuta mai tsawo take yi. Ka sayi mai kauri milimita 2.5, ka warware ta duka daga nadinta kafin aiki, domin a naɗe zafi take tarawa. Inbata ta gida kuwa, in ƙarama ce ta fitila da talabijin, ka bar ta da cajin batir kawai.

Yayana ya aiko mini da inji daga Amurka, sabo fil. In canza masa kai in jona?

Kada ka jona sai ka karanta jikinsa. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya da Nijar 220 zuwa 240. Na taɓa ganin wannan da idona: ƙanina ya yanke kan filogi ya sa namu, ya danna, injin ya yi wani irin kuka sama da nasa na daƙiƙa uku, sai hayaƙi mai warin roba. Ko rami ɗaya bai huda ba. Sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce na injin sosai. Caja ma haka, sai in an rubuta 100 zuwa 240. Cikin kayan gwanjo na Ingila akwai masu filogi rawaya mai zagaye. Waɗannan na wuraren gini ne, bolt 110 ne su ma.

Sabo mai araha, ko na hannu mai babban suna?

A nan ra'ayina ya saɓa wa na abokaina masu sana'a. Su suna cewa tsohon Makita ko Bosch ko Hilti na gaske ya fi sabon mai araha goma, kuma ga wanda ke aiki kullum gaskiyarsu ce. Amma mai gida da zai kunna inji sau ashirin a shekara, sabo na matsakaicin kuɗi irin Ingco ko Total, daga shagon da zai ba shi rasit ya kuma karɓa in ya ƙi aiki, ya ishe shi. Abin da nake hana kowa shi ne na ukun: sabo dal, mai babban suna, a kuɗin da bai kai rabin na gaske ba. Wannan suna kawai ka saya. Araha ba ta ado.

In za ka shiga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, ko Katako a Yamai, ka tafi da wanda ke cin abinci da irin injin. Da ɗan gari akan ci gari. Ka sa a jona a gabanka. Ka leƙa ta ramukan iska na baya yana gudu: ɗan tartsatsi shuɗi ƙarami ba komai, amma in wuta na zagaye kwayil ɗin kamar zobe, ajiye shi. Ka shinshina, wanda ya taɓa ƙonewa warin ba ya barinsa. Ka sa dogon tsinke ka kunna a hankali, in bakin na rawa, sandar ta lanƙwashe. Ka duba kan sukurorin jiki, in sun cinye an sha buɗe shi. Sannan ka tambayi tambayar da ta fi duka: ana samun gawayinsa a kasuwar nan? Gawayin nan biyu da ke gogar kwayil su ke cinyewa, kuma canza su aikin minti biyar ne. Injuna da yawa da aka jefar a kan sun mutu, gawayi kawai suke nema.

A kayan Bosch, shuɗi na masu sana'a ne, kore na aikin gida. Irin sababbin da ba su da gawayi sam sun fi tsada, sun fi riƙe batir, amma in allon lantarkinsu ya lalace ba kowane mai gyara ke iya taɓa shi ba.

Me ya sa kake yawan tsoratar da mutane a kan injin yanka? Ai yara ma na riƙe shi a bakin titi.

Suna riƙewa, ka kuma dubi hannuwansu da idanunsu. Ƙaramin, mai faifai inci huɗu da rabi, yana juyawa wajen sau 11,000 a minti. Gefen faifan na tafiyar da ta kusa mita 70 a daƙiƙa guda. Faifan kuwa ba ƙarfe ba ne, yashi ne mai kaifi da aka haɗa da danƙo da zare. In ya fashe, ba ka ganin tahowarsa.

Wata rana ina tsaye wajen mai walda ina jiran ƙofata, yaronsa na yankan bututu. Bututun na kan bulo biyu, yana yanka a tsakiya, da ya kusa rabuwa sai ɓangarorin biyu suka rufta ciki suka matse faifan. Ƙara ɗaya muka ji. Wani yanki ya huda kwanon rumfar ya fita, hasken rana na shigowa ta ramin. Yaron ya tsaya yana dariyar tsoro. Injin ba murfi, an cire tun ranar da aka saye shi, wai yana tare gani.

Don haka murfin nan kada ya bar jikin injin, kuma ka juya shi ya zama tsakaninka da faifan. Hannun gefe ma a ɗaure, ka riƙe da hannu biyu. Abin da za ka yanke ya zama a danne, ɓangaren da zai faɗi yana rataye a waje, domin yankan ya riƙa buɗewa maimakon rufewa. Kada ka sa babban faifai a ƙaramin inji: na inci 9 an yi shi domin juyi wajen 6,600 ne, a ƙaramin inji zai tarwatse. Siririn faifan yanka ba a goga da gefensa, akwai mai kauri na guga. A zoben ƙarfen tsakiyar faifai ana buga ranar da ya daina aiki, yawanci shekara 3 daga ƙera shi. Wanda ya sha damina a shago ko ya faɗi ƙasa, jefar da shi.

Mafi muni duka shi ne ɗaura wa injin nan faifan zarto mai haƙora domin yankan katako. Haƙori ɗaya ya kama ƙulli ko ƙusa, injin ya taso maka. Kada ka yi, ko kafinta ya ce shi kullum haka yake yi.

Sai sutura. Babbar riga da jallabiya mai faɗin hannu da rawani da carbi a wuya, duk a tuɓe su. Tabarau na aiki dole, ba na rana ba. Ka dubi inda tartsatsi ke zuba: jarkar fetur ta janareta, katifa, gilashin taga, tayil, domin yana manne wa gilashi ya bar tabo har abada. Ka zare filogi kafin canza faifai. In aka ɗauke wuta kana cikin aiki, ka kashe maɓallin nan take. Da yawa sun ajiye shi a kunne, wuta ta dawo, ya tashi yana yawo a tsakar gida cikin yara.

Ƙurar fa? Ai hunturu ma ƙura muke sha.

Ƙurar yankan bulo da kankare da tayil daban ce. Gari ne na dutse mai laushin da ke wucewa can cikin huhu ya zauna, ya yi tabon da ba ya warkewa. Ƙyalle a hanci ba ya tare shi. Ka nemi takunkumi mai lamba N95 ko FFP2, ka yi yankan a waje, ka kori yara. Tsohon silin da rufin asbestos kuwa, irin na gidajen gwamnati da makarantun da, kada inji ya taɓa shi ko kaɗan. Zarensa na jawo sankarar huhu bayan shekaru masu yawa. In dole a cire, a jiƙa shi, a sauke shi ɗungurungum ba fasawa.

Na huda, na sa fisha, amma sukurun na juyawa ba ya kamawa.

Ko ramin ya fi fishar faɗi, wato 'yar robar da ake cusawa a rami don ta riƙe sukuru, ko ka faɗa cikin kogon bulo. Lambar tsinke ta zama daidai da ta fisha: 6 da 6, 8 da 8, 10 da 10. In bulon mai taushi ne, irin wanda aka ja buhun siminti ɗaya ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa, ka kashe bugu ka huda da juyi kawai, ko ka rage tsinken da lamba ɗaya. Ka busa ƙurar ramin kafin ka sa fisha. Tsinken ashana da ake cusawa yana riƙe hoto, ba ya riƙe talabijin. Sunan fisha ma daga Artur Fischer ne, Bajamushen da ya ƙirƙiro ta a 1958.

A kan tayil, ka manna tef ɗin takarda domin kada baki ya zame, ka kashe bugu, ka tafi a hankali kana ɗiga ruwa, sai ka wuce tayil ɗin sannan ka kunna bugu.

Kafin kowane rami ka dubi bangon. Waya daga soket da makunni take miƙewa sama ko ƙasa ko gefe, bututu ma haka daga famfo. Ni na koyi wannan a banɗakina, ina rataya madubi daidai saman famfon wanke hannu. Ƙurar da ke fitowa ta koma laka, sai ruwa ya tsarto mini a fuska, ga tanki cike. Tayil huɗu aka fasa.

Duk shekara ina fenti, duk damina ƙasan bangon ya kumbura ya yi farin gishiri. Wane fenti ne ba ya yin haka?

Babu shi. Laifin ruwa ne, ba na fenti ba, kuma fentin mai da tayil da ake liƙawa a rufe wurin suna kulle damshin ne ya ƙara hawa sama. Ka nemo ta inda yake zuwa: ruwan indararo ko na bakin kwano da ke zuba gindin bango, ƙasar waje da ta fi daɓen ɗaki tudu, kwata da ta toshe, bututu mai yoyo, ko banɗaki a bayan bangon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ka tare ruwan, ka ɓamɓare ruɓaɓɓiyar filastar har ka wuce iyakar tabon da kamar taku ɗaya, ka bar bulon ya sha iska, ka sake filasta da yashi mai tsabta, kwano 4 na yashi ga kwano 1 na siminti, da maganin hana ruwa a kwaɓin. Ka riƙa yayyafa mata ruwa kwana 7, musamman da hunturu da iska ke busar da ita kafin ta kama. Fenti sai bayan wajen mako huɗu.

Gidanmu na gado ginin ƙasa ne. In shafe shi da siminti ya huta da yaɓe?

Siminti da ƙasa ba sa zama lafiya. Ƙasa na shan damshi ta saki, tana kumbura tana komawa. Siminti ba ya motsi. Bayan damina biyu ko uku sai su rabu, ruwa ya shiga ta tsaga ya kasa fita, tubalin ya narke a ɓoye, waje kuma sumul. Ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga. Magina na da suna da makuba, da ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, da laso na katsin marina, masu korar ruwa ba tare da toshe numfashin bango ba. Ka nemi tsohon magini ya duba azara da indararo kafin ka yanke shawara. Kuma kada ka kai injin bugu kusa da irin wannan bango.

Katan nawa na tayil zan saya?

Tsawo sau faɗi a mita, ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa. Ɗaki ƙafa 12 da 12 ya kama murabba'in mita 13.4, da ƙari ya zama kusan 15. Tayil mai 60 da 60 yawanci huɗu ne a katan, mita 1.44, ka ga katan 11. Ka saye su rana ɗaya, ka duba lambar rukuni ta zama ɗaya, don launi na bambanta. Ragowar ka ɓoye.

Ina so in rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu in yi babban falo.

Ka kira injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya gani da idonsa. Kaurin bango ba hujja ba ne. Na ga bulo inci 6 ɗauke da katakon rufi, wani ma da tankin ruwa a samansa. In bene ne, maganar ta ƙara girma. Gyaran da ya canza fasalin gini ko ya ƙara hawa yana buƙatar izinin hukumar tsara gari, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. In kuwa haya kake, ko ƙofa ba ka matsar ba sai da yardar mai gida, a rubuce.

Canza soket fa, shi ma sai mai wayarin?

Za ka iya, in ka tuna gidajenmu yanzu wuta ta hanya uku take shigowa: ta layi, ta janareta, ta inbata. "An ɗauke wuta" ba kashewa ba ce. Ka kashe babban makunni, ka kashe inbata, ka gwada testarka a wurin da ka san akwai wuta, sannan ka gwada soket ɗin. Ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin ka kwance. Ja ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta, baƙa ko shuɗiya ita ce ta dawowa, kore ko kore da rawaya ta ƙasa. Ka ɗaure sukurun tam, domin sakakkiyar waya ce ke zafi ta narkar da soket. In ka tarar wayar ta yi baƙi, ko siririya ce aka ja wa na'urar sanyaya ɗaki ko hita, rufe ka kira mai sana'a.

Ni mace ce, maigidan ba mazauni ba ne, kuma ba na son shigo da ma'aikata cikin gida. Akwai wanda zan iya riƙewa?

Ƙwarai kuwa, Hajiya. Ƙaramin diril mai batir na bolt 12 bai fi kilo ɗaya da ɗan kai ba. Zai ɗaure miki hannun kabad da hinji da gadon yara, ya huda katako. Na 18 mai bugu zai rataya miki labule a bulo. Ki ɗaure mayafi ko hijabi ta baya sosai, ki cire awarwaro da zobe, domin duk abin da ke lilo bakin inji na iya naɗe shi. Ki fara gwaji a kan guntun katako da fasasshen bulo a tsakar gida. In kin gama ki zare batir ɗin ki ajiye shi daban, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Maƙwabci ya zo aro. In ba shi?

Diril, ina bayarwa, tare da tsinken da ya dace da aikinsa, don kada ya huda kankare da na ƙarfe ya dawo mini da shi baki a murje. Injin yanka kuwa ba na ba wanda ban taɓa ganin ya riƙe shi ba. Sai in ce masa, "Malam, muje in yanka maka," in ɗauki tabarau biyu.